Yadda Na Kai Baba Damagaram Kallon Tauraro

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo sayen turaren wuta sai ta nemi bakin gado ta zauna, ta ce, "Yagana, wai da gaske kallon tauraro ne ya kai ku har Nijar?" Wata ma cewa ta yi in faɗa mata tsakani da Allah, ko wurin mai magani na kai Baba nake ɓoyewa. Na gaji da maimaitawa, kuma kowacce ta fita sai ta ƙara wa labarin gishiri, har na ji ana cewa a jirgi muka je. To ga shi na rubuta, wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan unguwar Limanti ne. Ni sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Mahaifina, Malam Kyari, malamin Fiziks ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana koyarwa a wata sakandare a nan Maiduguri. Duk wanda ya zauna a ajinsa, ko ya manta komai, ba zai manta Rijil ba. Wani tauraro ne mai haske ƙwarai. In kun san taurarin nan uku da suke jere kamar an ja musu layi, to ta gefe ɗaya akwai wani ja, ta ɗaya gefen kuma Rijil.

Mu 'ya'yansa da labarin Rijil muka buɗe ido. Ina 'yar ƙarama Baba zai nuna min garwashi a kaskon turaren mahaifiyarmu, sannan ya ja ni unguwar Hausari wurin mai walda da gas ya nuna min harshen wutarsa, ya ce wacce ta fi zafi. In na ce jar, sai ya ja min kunne. Jar wuta ita ce mai sauƙi, in ji shi, shuɗiya ce uwar zafi, kuma haka taurari suke. Rijil shuɗi ne domin zafin fuskarsa ya ninka na rana kusan sau biyu. Faɗinsa ya ninka nata fiye da sau saba'in, haskensa kuwa sai an tara dubun dubatar rana kafin a kamo shi. Nisa ce kawai ta mai da shi ɗan ɗigo. Yakan ce irin waɗannan manyan ba sa daɗewa, cin mansu suke da gaggawa kamar risho da aka ƙure wa lagwani, ƙarshensu kuma fashewa suke yi.

Wata shekara wani ɗalibinsa mai suna Isuhu, ɗan wani Badamagare da ke fatauci a garin nan, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka gani?" Aji ya kwashe da dariya. Baba bai iya ƙarya ba. Ya ce da ido fari yake ganinsa, da ɗan sirkin da in mutum ya ga dama sai ya ce ba komai ba ne, sauran kuwa masana ne suka auna, shi karantawa ya yi. Tambayar nan ta zauna masa a rai. Ya yi shekaru yana roƙon a saya wa makaranta madubin hangen nesa. Da ƙyar aka kawo shi gab da ritayarsa, yana cikin akwati ko buɗewa ba a yi ba, yaran nan, kun san waɗanda nake nufi, suka cinna wa ɗakin gwaje-gwajen wuta.

Sai kuma ido ya zo. Hawan jinin ido likita ya ce. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kullum ƙara tsukewa yake, har ya zama Baba yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe babu. Taurari kam ya daina samun su. Ko da ma yana gani, ga dokar hana fita, ana idar da magariba kowa ya ja ƙofarsa. Likita ya kira ni gefe ya ce kada mu sa ran ragowar ganin zai kai baɗi.

A cikin zafin bazara Isuhu ya bugo waya. Ashe shi ma malamin kimiyya ya zama a Damagaram, kuma yana da madubin hangen nesa da wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa. Ya ji labarin idon Baba a bakin 'yan kasuwa. Ya ce in za mu zo mu yi sauri, domin a wannan lokacin Rijil da an yi magariba yana yamma, ya kusa faɗuwa, kwana kaɗan ya rage ya shige cikin hasken rana. Ba zai sake dawowa sararin yamma ba sai bayan watanni masu yawa. Duk wanda ke tsakar gidanmu ya gane abin da wannan yake nufi, ba wanda ya furta.

Gida ya rabu biyu. Yayyena maza suka ce wannan ganganci ne, ana gudun hanya mu kuma mu hau ta don tauraro. Baba bai yi musu da kowa ba, ya dai sa aka ɗauko masa babbar rigarsa aka goge. Ni aka zaɓa in raka shi, ba don na fi kowa zuciya ba. A shekarun nan saurayi ko magidanci mai jini a jika shi ne abin zargi a kowane shinge, mace da tsoho sun fi saurin wucewa. Na ɗaure kwalaben humra da turare na tsaraba, na yi sallama da yarana kamar mai tafiya haihuwa.

Ana sakin doka da safe muka hau keke zuwa tasha. A bas ɗin Allah ya haɗa ni kujera da wata dattijuwa, Mama Saratu, 'yar ƙabilar Babur ce daga wajen Biu, tsohuwar akawu, za ta Kano wurin ƙanwarta. Tun kafin mu fita gari ta san sunan duk 'ya'yana, ta kuma tsare direba da faɗa a kan ya ɗora wa Baba buhun busasshen kifi a ƙafa.

Wanda bai bi hanyar Damaturu a lokacin ba, ba zai gane ba. Ba a yin nisa sai shinge. A sauko, a ɗaga hannu sama, a taka da ƙafa a wuce sojoji, mota ta biyo baya. To ni ga matsalata: in na ɗaga hannu biyu, wa zai riƙe Baba? A shingen farko ya nufi buhunan yashin soja kai tsaye, hannuwa a sama, wani ya daka masa tsawa. Mama Saratu ce ta yi ta maza. Ta ce da sojan cikin Turanci, tsohon malami ne, ba ya gani, watakila ma shi ya koyar da ogansa. Daga nan muka samo dabara. Ita tana gaba, Baba a tsakiya yana kallon jan ɗankwalinta ta ɗan bututun nan nasa, ni a baya ina cewa dama, hagu. Haka muka yi ta yi har Potiskum.

Abin da ya fi tsaya min a rai garuruwan kan hanya ne. Baba ya san su duka tun zamanin da yake kai ɗalibai gasa. Sai ya ce, "Yagana, ina muke?" In faɗa masa. Ya ce, "Mai shayin nan na gindin dalbejiya yana nan?" Na duba, ba mai shayi, ba rumfa, sai bango baƙi da kwano a murɗe. Na kalli Mama Saratu, ta kalle ni. Kafin in haɗa abin da zan ce, Baba ya ce, "Bar shi, na ji shirun." Bai sake tambaya ba sai da muka shiga ƙasar Bauchi.

Wajen Azare motar ta faɗa wani rami, kwalbar humra ɗaya ta fashe a jakata. Kun san humrata ba ta wasa ba ce. Nan da nan ta danne warin kifin, wani Bafulatani da ke gaba ya waiwayo ya ce dama ya sani, Barebari ko gudun hijira za su yi sai sun tafi da ƙamshi. Baba ya ce ai gara mu, wasu da warin man shanu suke tafiya. Motar da tun safe ba wanda ya yi dariya a cikinta sai ga ta ta kaure. Ni dai ina ta jimamin humrata.

A Kano na sha abin da ban zata ba. Masaukin da muka nufa, mai karɓar baƙi ya yi mana fara'a har ya miƙo makulli, yana ganin Maiduguri a katin Baba sai ya tuna ɗakunan duk an kama. Na biyu ma haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa jin kunyar sunan garinmu ba sai ran nan, kuma na ji haushin kaina da na ji kunyar. Mama Saratu, da ta ƙi tafiya sai ta ga mun sami wuri, ta ce, "Ke 'yata, ɗauko jakar nan." Gidan ƙanwarta ta kai mu a Sabon Gari. Ɗaki ɗaya ne da falo, hoton Yesu a bango. Ƙanwar ta aro buta da tabarma a maƙwabta, ta tsayar da Baba ta juya kafaɗunsa ta ce nan ne gabas. Muka ci tuwon dawa da miyar karkashi, aka bar wa Baba gado. Da safe na ajiye musu kwalbar turare mafi kyau a cikin kayana, Mama Saratu ta ce in mun ga tauraron mu gaishe shi.

Daga Kano muka bi ta Daura zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Ni da na saba da shingenmu, ana tsayawa na diro na ɗaga hannu sama. Sai da na ga mata masu tallar fura suna kallona sannan na sauke, na yi kamar gyara mayafi nake.

Jandarman da ya karɓi takardunmu siriri ne dogo. Ya ce, "Mi za ku yi Damagaram?"

Na buɗe baki zan ce ziyara, Baba ya riga ni. "Tauraro za mu kalla."

Jandarma ya ajiye biro. Ya dubi babbar rigar Baba, ya dubi farin gemunsa da idon da ya shafe, sai ya sa aka kawo kujera. Ya rage murya ya ce shi shekararsa ta yi nauyi, an hana shi ƙarin girma, ko Malam zai duba masa tauraronsa. Baba ya ce shi ba ya duba, aunawa ake yi, kuma nan take ya buɗe masa aji. Ya ce hasken Rijil da za mu gani ya fi shekara ɗari takwas yana tafe kafin ya iso, to abin da ya baro gida tun kafin a haifi kakan kakanka ina ya san da ƙarin girmanka. Jandarma ya yi dariya ya buga mana hatimi. Amma da za mu tafi sai da ya biyo mu ya ce duk da haka a sa shi a addu'a.

Damagaram ta ba ni mamaki, ba don gine-gine ba. Babura ne. Mu da aka hana babur shekaru, har kunnena ya koyi cewa ƙararsa ba alheri ba ce, sai ga su ko'ina kamar ƙudaje, kabu-kabu suke ce musu, har mata na gani suna tuƙawa da mayafinsu. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, na ce wannan ai sai mai haƙori. Shayi kuwa ba a sha a tashi, sai an yi zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi, na farko ɗaci kamar magani. Makaranta lakwal ce a bakinsu, malami kuma mushe. Hausarsu da tamu sai a hankali, su suna jin tawa ta karye, ni ina jin tasu ta lanƙwashe.

Mushe Isuhu ya tarye mu a tasha. Ƙato ne yanzu, har da furfura, amma yana ganin Baba ya zube ƙasa ya ce, "Wushe, Malam, wushe." Bai manta Barbarcin da ya tsinta a unguwar Bulabulin ta garinmu ba. Baba ya shafa kansa ya ce, "Kai ne mai tambaya?" Ya ce shi ne. Matarsa Rabi ta sauke mu da dambu da kilishi da fura mai sanyi, ta kuma tsokane ni a kan yadda nake ɓoye jaka a ƙarƙashin gado.

Da aka yi magariba na tashi na rufe ƙofar gida na sa sakata, ban ma san na yi ba. Rabi ta ce, "Yaya, mine ne? Yanzu gari ya fara." Da gaske kuwa. Masu tsire suna kunna fitila, yara suna wasa a titi, tsofaffi sun baje tabarma. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, sai na ji hawaye. Haka Limanti take a dā, na manta.

Isuhu ya kafa madubin a saman soron gidansa. Wani farin bututu ne mai kauri a kan ƙafafu uku. Muka hau da Baba a hankali. Ya shafa shi tun daga baki har gindi, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Isuhu, wannan abin a kan soro, ya nufi sama, hukuma ta sani?" Isuhu ya ce a nan ba wanda zai tanka. Yana cikin saita shi, ni ina riƙe da hannun Baba, ga Rijil can yamma ƙasa da taurarin uku, ni ma ina ganinsa.

Sai ƙara ta tashi a bayan gida. Tau, tau, tau, ga rurin babura da yawa sun nufo mu.

Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Na fizgo Baba muka zube ƙasa, na danne kansa da hannuna ina salati. Ƙafarsa ta harɗe ƙafar madubin, abin ya tafi gaba ɗaya ya bugu da bango. Da ƙarar ta wuce sai na ji guɗa da kiɗa. 'Yan rakiyar ango ne, samari suna wasa da babura suna fasa abin wasan wuta.

Na tashi zaune, kunya kamar ƙasa ta tsage. Gwiwar Baba ta goge, madubin kuma gilashin cikinsa ya goce, Isuhu ya leƙa ya ce ba abin da zai nuna yau. Kafin a kawo fitila Rijil ya faɗa bayan gidaje. Na jira a yi min dariya, da an yi ma da na fi samun sauƙi. Rabi ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta kama hannuna, ta ce, "Haka kuke kwana?" Na ce haka muke kwana. Baba kuwa cewa ya yi, "Kin yi daidai. A gida da haka za ki yi." Wannan ya fi komai sa ni kuka.

Washegari Isuhu bai je lakwal ba. Ya shimfiɗa zane a ɗaki, ya kwance gindin bututun, ya yi ta murɗa wasu ƙananan kusoshi yana leƙawa yana tsaki. Baba yana zaune kusa da shi yana ba da umarnin abin da bai taɓa gyarawa ba. Ni ko abinci ban iya ci ba. Da la'asar kuma sai ga hadari ya taso daga gabas, irin na bazara mai yawan alkawari. Na yi ta kallonsa ina roƙon Allah, ni da kullum addu'ar ruwa nake yi, ran nan addu'ar kada ya zo na yi.

Bai zo ba. Ya tsaya a rabin sama, yamma ta zauna tas. Muna idar da magariba muka hau. Wannan karon Rabi ta aika aka tambayo ko akwai wani biki a unguwar, aka ce babu. Isuhu ya saita, ya zaunar da Baba a kujera, ya kai idonsa na dama bakin gilashin. Da ƙyar ya samu, domin nemo ɗigo ɗaya ta cikin ɗan ragowar ganinsa aiki ne. Can ya ce, "Na same shi."

Muka zuba masa ido. Ya daɗe yana kallo.

"Fari ne," in ji shi. Ya ɗago kai. "Yana da haske ƙwarai. Amma fari nake gani." Ya yi ɗan murmushi irin na mai ba wa wani haƙuri. "Ciwon nan shuɗi yake fara ci, na karanta. Ba komai, Isuhu. Mun zo, mun same shi."

Na juya baya don kada ya ji numfashina. Shingaye, da masaukin Kano, da gwiwarsa, duk suka taso min.

Isuhu ya ce, "Bon," wato "to" ɗinsu na Faransanci. "Yauwa. Malam, ka ba ni izini in ɓata maka shi."

"Ka ɓata?"

Ya ce Baturen nan ne ya koya masa. Ido ba ya kama launi sosai a ɗigo, ya fi kama shi a abu mai faɗi. In aka murɗa madubin aka kawar da shi daga saiti da gangan, tauraron zai baje ya zama kamar kwabo, haskensa ya ragu, launinsa ya fito. Kuma ba da Rijil za a fara ba. Ya juya bututun sama ta dama, wurin jan tauraron nan, ya murɗa, ya mai da idon Baba.

"Wannan garwashi ne," in ji Baba nan da nan. "Kaskon uwarki, Yagana. Babba ne shi ma, amma wutarsa mai sauƙi ce."

"Riƙe shi a idonka, Malam. Kada ka kalli komai."

Baba ya rufe ido da tafin hannu. Isuhu ya sauke bututun da sauri zuwa Rijil, wanda ya riga ya kusa kan rufin maƙwabta. Ya saita, ya murɗa, ya ce bismilla.

Baba ya sa ido. Na ga hannunsa ya kama gefen kujera. Ya daɗe a haka, har na fara tsoron tauraron ya sake ɓace masa. Sai na ga hawaye yana bin gefen hancinsa, daga idon da ke gani da wanda ba ya gani.

"Isuhu."

"Na'am, Malam."

"Sake yi min tambayar nan."

Isuhu ya durƙusa a gefen kujerar. Ya ce, "Malam, kai ka gani?"

"Na gani," in ji Baba. "Shuɗi ne."

Bai ɗaga ido ba har tauraron ya taɓa rufin. Isuhu yana ta bin sa da bututun a hankali, domin tafiya yake. A ɗan abin da ya rage aka ce in leƙa. Wani ɗan faifai na gani yana rawa, launin ruwan bula da aka tsarma farin kaya a ciki, sai dai da wuta a cikinsa. Na ce yana da kyau. Baba ya ce shekara ɗari takwas yana tafe, abin da zan ce masa ke nan.

Ranar da za mu taho Isuhu ya naɗe madubin a bargo ya ce na Malam ne, a kai wa yaran Maiduguri. Baba ya rungume bututun kamar jariri, sannan ya miƙa masa abinsa. Ya ce, "Wannan a shingen farko za a harbe mu kafin mu buɗe baki. Ajiye shi. In gari ya yi lafiya ka kawo da kanka." Rabi ta cika min jaka da cuku da kilishi, ni kuma na juye mata duk sauran turaren. Dawowa ba abin labari, shingayen suna nan inda muka bar su, sai dai ba Mama Saratu, jan ɗankwali na saya a Kano na shiga gaba.

Likita bai yi kuskure ba. Kafin damina ta yi nisa, ɗan bututun nan ya rufe. Yanzu ko fitila aka kawo gaban Baba, zafinta yake ji.

Kwanan baya na kwana a gida, na fito alwalar asuba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanke. Na ɗaga kai sai ga taurarin uku a gabas, ga Rijil a gefensu ya dawo. Na shiga na gaya wa Baba. Ya ce in fito da shi. Na tsayar da shi a tsakar gida, na juya kafaɗunsa, na ɗaga haɓarsa daidai wurin.

Ya ce, "Yaya kike ganinsa?"

Na duba da kyau, domin ba a yi masa ƙarya. Na ce, "Baba, ni dai fari nake gani."

Ya ce, "Idonki ne. Shuɗi ne." Ya gyara hularsa, ya miƙo hannu in ba shi buta.